Mama, Na Gudo Djougou

Zuwa ga mahaifiyata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa da ladabi cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Na san inda kike babu gajiya, don haka ba zan tambaye ki ya gajiya ba. Ni ce a gajiye, kuma yau ba zan ɓoye miki ba.

Shekara huɗu ke nan da tafiyarki, ba ki ga abin da ya sami mijina, Baban Murna, ba. Bara waccan ya yanke jiki ya faɗi a bakin shagonsa na walda a unguwar Albarika ta Parakou. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Tun ranar ni ce wanka, ni ce juyi, ni ce ba shi abinci a baki. Ina suyar ƙosai a ƙofar gida, kunnena na ɗaki.

Matan zumunta na coci sun zo har sau uku, suna cewa in raba musu kwanaki su taya ni. Na yi murmushi na ce mun gode Allah, muna iyawa. Kin san dalili? Ke ce. Shekara bakwai kika yi kina jinyar Baba, ban taɓa ganin kin nemi hannun kowa ba. Na ce ’yar Saratu ba za ta kasa ba.

To, Mama, ta kasa. Ranar Talata ya ture kwanon kunu a kan zanen gadon da na gama wankewa. Na daka masa tsawar da ko yaro ba a yi wa. Ya dube ni, hawaye na gangarowa. Na fita bayan ɗaki na ce wa Allah, in ba zai tashe shi ba, to ya ɗauke shi in huta. Da bakina na faɗa. Washegari na kira ƙanwarsa daga unguwar Ganou ta zo ta zauna da shi, na ce zan je garinmu Djougou kwana biyu. A raina ban yi niyyar komawa Parakou ba.

Tsohon gidanmu baƙi ne a ciki yanzu, sai ƙafata ta kai ni wurin maƙwabciyarki, Hajiya Asabe mai goro. Ta tsufa ƙwarai, ido ya yi rauni, amma hannun na nan. Na tarar ta kwance huhun goro tana tsince masu tsutsa, ta yayyafa wa sauran ruwa, ta sake musu ganye. Ba ta tambaye ni komai ba, kwando kawai ta turo mini. Muna cikin tsinta na fashe da kuka, na zazzage mata komai, har da addu’ar.

Dariya ta yi, Mama! Ta ce in tuna yadda kowace Alhamis kike cewa za ki taya ta gyaran goro. Ashe ko ƙwaya ɗaya ba ki taɓa tsinta ba. Ɗakin goron kike shiga don sanyinsa, ki yi kukanki ki ƙoshi, ki miƙe kan buhuna ki yi barci har la’asar. Ita kuwa ta bi ta ƙofar baya ta zauna da Baba, ta ba shi kunu, ni ina lakwal wurin karatu ban sani ba. Ta ce kin taɓa gaya mata, “Ubangijina ma sai da aka taya shi ɗaukar gicciye, ni wace ce?”

Na ji haushinki, gaskiya. Don me kika ɓoye mini? Shekara biyu ina tsere da matar da ba ta gajiya, ashe babu ita. Sai kuma tausayinki ya kama ni. Mamana, ashe haka kika sha, kika dinga dawo mana da fara’a da goro ɗaya a bakin zane.

Yanzu ina tasha, motar Parakou na jiran mutum biyu ta cika. Na kasa zama wuri ɗaya. Ban san ko zai sake takawa ba, amma na san wannan aikin ni Allah ya ba, kuma bai ce in yi shi ni kaɗai ba. In na isa, zan durƙusa gaban gadonsa in roƙi gafara. Daga nan in tafi wurin shugabar zumunta in ce su zaɓi ranakunsu. ’Yata Murna ma, ranar da na gaji, daga bakina za ta ji.

Abu ɗaya ke tsinka mini zuciya. Tun safe nake kiran ƙanwarsa, wayar ba ta shiga. Wataƙila caji ne ya ƙare, haka nake ta gaya wa kaina.

Ubangiji ya ƙara miki hutu a gabansa, ya sāka wa Hajiya da alheri. Ya sa in tarar da mijina da rai. Addu’ar nan ta Talata kuwa, ina roƙonsa kada ya amsa ta.

Taki har mu sadu,
Rifkatu