Ƙasar Kamarawa da Yashin Gidanmu

Zuwa ga Innata Tasalla, a Shagamu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya ƙara miki lafiya, Ya sassauta ciwon ƙafar nan. Mu nan Sabon Birni lafiya lau, sai dai ruwa shiru har yanzu. Geron Baba Bawa ya tsaya iya gwiwa ya bushe, rijiyar bayan gida kuma laka guga ke taɓowa.

Inna, Yaya Malami ya gaya min kin yi kuka da kinka ji na tafi Kamarawa, wai tunda na gano inda anka haife ni, riƙon da kinka yi min ya ƙare. Wallahi ba haka na ba, tsaya ki ji. Kin san ni da waya. Akwai wata mai zane da nike bi, Anika. 'Yar ƙasar Sin ta, an tsince ta tana jaririya bakin kasuwa, wasu Turawa sunka ɗauke ta sunka raine ta. Ba ta taɓa fenti, da ƙasa take zana itatuwa da gulabe. Na tura mata hoton fadamarmu da ta tsattsage, kawai sai ta amsa! Waya ke fassara muna. Na ba ta labarin yadda ake binne mahaifa a gidan da anka haifi mutum. Tac ce ita ba ta san inda tata take ba, tunda ni na sani, in ɗebo ƙasar wurin in yi zane da ita. Abin da ya kai ni ke nan.

Wata tsohuwa, Kande, ta nuna min wurin, bayan ɗakin marigayiya ƙanwarki da ta haife ni. Na ciko gwangwani na dawo, washegari na kwaɓa, na zana tsamiyar ƙofar gidanmu a bangon ɗakinki. Kafin la'asar duk ta farfashe ta zube. Har sau biyu! Ƙanwata Binta sai dariya take min. Na tura wa Anika hoto ina hawaye, tac ce laka zalla ba ta riƙe bango, in gauraya da yashin inda nike zaune. Sai na sharo na tsakar gida, daidai inda kike matse ni kina min kitso ina ihu, na gauraya na sake zanawa. Inna, yau kwana tara, ko tsaga babu.

Na gode wa Anika, amma ke ban san ta inda za ni fara ba. Wata shida gare ni kinka goya ni. Kamarawa kuwa wuni guda na yi, kafin magariba ina gida.

Malami zai nuna miki hoton, amma hoto ba ya isa. In ƙafa ta yi sauƙi ki dawo. Reshe guda na bari ban ƙarasa ba, da yatsanki za mu cike shi.

Ki gaida Malami da matarsa Rahmatu. Baba Bawa da Binta na gaishe ki.

Ɗiyarki ta goyo,
Jamilatu