Karib Ba Kusa Ba Ne

Darrasa, Alƙahira
9 ga Satumba, 2014

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar ladabi, ina fatan kuna lafiya, ku da Inna da ɗalibanku na nahawu. Yaya ciwon gwiwa?

Baba, akwai gyara. Yaya Indo ta ce kun sa an share mini ɗaki, don kun ji zan yi digiri na biyu a kan harsunan "ƙarib", wato na kusa. Ma'alish, a yi haƙuri, da kaf ne, ba da ƙaf ba. Harsunan Karib a Kudancin Amurka suke, jami'ar da ta ba ni gurbi kuma tana Brazil. Na duba taswira. Ba kusa ba ne.

Aikin a kan rabe-raben kalmomi ne. Masana da dama sun ce waɗannan harsuna ba su ware sifa daban ba. Abin da muke cewa "fari" ko "babba", da suna suke faɗinsa, ko da bayanau. Ban ce duk masana ba, wasu na ja.

Jami'ar na jiran amsa ƙarshen wata, ni kuwa ba inda zan je sai da izininku. Ko ful, waken nan na Misirawa, na kasa ci.

Ɗanku mai biyayya,
Lawali

24 ga Satumba

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Saƙonku ya iso, har na yi hawaye a gaban mai shayi. Na gode da izini. Sai dai dalilinku ya hana ni sakat. Kun ce mutanen da suka gane cewa sifa ismu ce, wato suna, sun san kalma kashi uku ce, ismu da fi'ili da harafi, don haka zama da su ba zai ɓata ni ba.

Baba, ban ce uku ba. Na zauna na jero sauran don in gyara muku. Bayanau, sai na tuna zarfi ne, zarfi kuma ismu ne. Ƙananan kalmomin da ke bin suna, harafi. Na kai ga kalmomin kwaikwayon sauti, irin "tinjim", ina murna na samu na huɗu, sai Ja'afar abokin ɗakina ya ce a nahawu su ma ismu ne. Khalas, shi ke nan, na ajiye biro.

Sharaɗinku na karɓa: ranar da na ci karo da kashi na huɗu, in tattaro in dawo gida. Abin da ban faɗa muku ba, Baba, shi za a tura ni nema. Saboda haka a bar ɗakin a share.

A gaida Inna.

Ɗanku,
Lawali