Merge Ya Hautsina Hotunan Yara, Kujerata Na Rawa

Anti, ki agaza mini da shawara kafin takaici ya sa in ajiye aikin da ko lokacin gwaji ban kammala ba.

Ni matashi ne mai digiri a kimiyyar kwamfuta da daraja ta ɗaya. Ba don fariya na ambata ba, sai don ki auna girman tauye haƙƙin da ake yi mini. Ina aiki a wani ƙaramin kamfanin manhaja, a ɗaki mai na'urar sanyaya iska da ke ɗigar ruwa cikin bokiti. An damƙa mini shafin rajistar wata makaranta: uba ya shigar da 'ya'yansa gaba ɗaya, kowanne da hotonsa, sannan a buga musu katin shaida.

Muna amfani da ORM, wato manhajar da ke dillanci tsakanin shirinmu da rumbun bayanai. Tana da wani umarni mai suna merge, wato haɗewa. Duk ma'abocin hankali zai zaci idan ya miƙa mata bayanan yaro, su za ta adana ta ba su lamba. Ina! Sai ta kwafe su, ta ba kwafin lamba, ta bar maka na asalin a hannu babu lamba babu dalili. Hotunan kuwa suna jingine da na asalin, don haka wajibi ne in tantance wane kwafi ne na wane yaro. Na bi abin da mantiƙi ya hukunta: na farko da na farko, na biyu da na biyu. A gwajina komai ya tafi sumul. Ashe ita ba ta san mutuncin jeri ba, yadda ta ga dama take dawo da su.

Abin ban haushi, 'ya'yan yayata a makarantar suke, kuma ta riga ta cika wa iyaye baki cewa ƙanenta ne injiniyan. Da katunan gwaji suka fito, babban ɗanta da ya fara gashin baki sai ya bayyana da fuskar autarsu mai giɓi. Yanzu a gida Mai Sauya Halitta ake kirana, mijinta kuma katin na aljihunsa, kowane baƙo sai ya gani.

Shugabar sashenmu ta ce in ba kowane yaro wata alama tasa tun kafin merge ya taɓa shi. Na bayyana mata a gaban kowa cewa wannan faci ne irin na masu gyaran taya, ba injiniyanci ba, kuma ni zan ƙirƙiri ORM tawa daga tushe. Ta ce ko in gyara kafin a buga katunan makarantar duka a mako mai zuwa, ko ta damƙa aikin ga wani, kuma ba za ta sa hannu a tabbatar da ni ba. Shin in kai ƙararta wurin mai kamfani, ko in yi murabus da martabata?

Haziƙin da Aka Tauye

Ɗana, sha ruwa tukuna.

Kana da gaskiya ta wani gefe. Sunan merge yana yaudara, ya kuma kayar da waɗanda suka girme ka a sana'ar. Ya kamata ma a ce wani ya duba aikinka kafin ya kai ga katin mutane. Amma umarnin bai ci amanarka ba. Abin da aka gina shi ya yi, shi ya yi. Matsayi a jeri ba shaida ba ne, suna ma haka, don yara biyu kan yi suna ɗaya a gida guda.

Shawarar shugabarka ita ce daidai. Da zarar an shigar da yaro, shirinka ya ba shi doguwar alama da ba ta maimaituwa. Ka tabbatar tana cikin bayanan da ake adanawa, in ba haka ba kwafin zai iya dawowa babu ita. Da ita za ka haɗa kowane kwafi da asalinsa. In tsarinku ya yarda, ka ɗaura hoton a jikin bayanan yaron tun farko su yi tafiyar tare. Sabon yaro ma sau da yawa ba ya buƙatar merge, adana shi kai tsaye ya isa. Sannan ka gwada da gida mai yara da yawa, ka hautsina jerin da gangan, ka ga ko kowa ya tashi da fuskarsa.

Kada ka je wurin mai kamfani; abin da zai fara tambaya shi ne ko katunan sun gyaru. Kada ka yi murabus. Wurin da za ka koma ma akwai merge. ORM taka kuma ta jira, mako guda ba ya ɗaukarta.

Matar nan ba korarka take so ba, da ba ta faɗa maka maganin ba. A gaban mutane ka yi mata, a gabansu za ka gyara. Gobe da safe ka kai mata aikin yana tafiya, ka ce ta yi haƙuri, ka tsaya nan. Kada ka ƙara ko kalma ɗaya mai nauyi.

Allah ya tabbatar da kai a kujerarka, ya sanyaya maka zuciya.