Igiyar Lemarka da Hankalin Inna

Ƙanena Habibu,

Gaisuwa mai yawa. Ya Masar, ya Rabi da jaririya? Mu nan Gumel lafiya lau.

Jiya Inna ta ga bidiyonka a wayata. Wata babbar lema mai tashi a iska tana janka da igiya a kan teku, igiyarka ta sarƙe da tutar da ke kafe a kan katakon da wani mai wasan ruwa yake hawa, kuka kife, kuka taso kuna cacar baki. Ta ce, "Duk faɗin ruwan nan bai ishe su ba? Mu da makiyaya rijiya ɗaya muke ja, bi da bi."

Don Allah ka nemi mutumin ku shirya, ku raba wuri. Ka gaida Rabi, a sa mu a addu'a. Kuma ka kira Inna, tun jiya ba ta ajiye carbi ba.

Yayarka,
Hadiza