Baba Ya Rage Shukar Turai

Gwarinpa, Abuja

Turai tawa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, sanyin duwatsun nan da kika tafi bincike bai daskarar min da ke ba.

Shukar da kika bar min amana tana nan a firjin gilashi, fitilarta a kunne. Na janye tsiyar da nake miki cewa shekaru kina renon curin gansakuka. Jiya na tsuguna na dube ta da kyau. Ganyayyakin ba su kai ƙwayar shinkafa ba, amma sun cure sun yi tudu kamar matashin kai, na danna da yatsa ya ƙi shiga. Na tuna bayaninki cewa a can ƙololuwar dutse wannan matsin ne ke tsare mata ɗumi da danshi, matattun ganyenta kuma suna ruɓewa a ciki su zame mata taki. Abin ya burge ni ƙwarai. Sunanta ne dai, Silene acaulis, har yau harshena ya ƙi shi.

Baba ya zo ganin likita. Na sake roƙonsa ya zauna da mu, ya ce shi ba ya kwana uku a gidan da ba gona. Tun rasuwar Inna shi kaɗai ne a ƙauye, abin yana ci min rai.

Mijinki,
Zakariyya

Turai tawa,

Ina gaishe ki, ya jiki, ya aiki? Ki zauna kafin ki karanta.

Na dawo daga shago a Dei-Dei na tarar da Baba cikin fara'a. Wai ya ga shukarki ta cushe, ya tausaya mata, ya rage ta kamar yadda ake rage gero idan ya yi yawa a rami, don ta sha iska. Ramin da ya yi a tsakiya babban yatsana yana shiga. Gefen ya fara bushewa.

Da na yi masa bayaninki, bai ci tuwon dare ba. Da safe ya nemo tsakuwa ƙanana ya toshe ramin a hankali. Yanzu shi ke duba firjin, kuma ba mai buɗe shi sai da izininsa, har da ni. Bushewar ta tsaya. Shekaranjiya ma fure ɗaya ya fito, ja-ja, bai fi kan ashana ba. Baba ya daɗe yana kallonsa, ya ce bai taɓa ganin shuka mai zuciya irin wannan ba.

Ya ce ba zai koma gida ba sai ɓarnarsa ta rufe, ya tambaye ni wata nawa. Na gaya masa gaskiya, cewa a shekara da ƙyar take ƙara faɗin farce.

Sai ya ce, “To, a aika a kawo min buzuna da rediyona.”

Ki yafe masa, Turai. Ni dai kukan daɗi na yi.

Naki har kullum,
Zakariyya