Gayyar da Ta Cinye Mana Kuɗin Hanya

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukumarmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka, da iyali, da masu taya ka riƙon jama'a. Allah ya ja zamanin Ciyaman.

Sunana Malam Sabo, tsohon hedimastan firamaren Rijiyar Maje. Da na yi ritaya na zuba garatutina kaf a kiwon kajin ƙwai, ina kai wa masu shayi a Yalwawa cikin Dutse. Na rubuto a bainar jama'a ne domin wasiƙu biyun da na ba kansilanmu ya kawo maka har yau suna aljihun babbar rigarsa, ina kyautata zaton ma an wanke su tare da ita.

Maganar hanyarmu ce, wadda ta tashi daga gari ta haɗu da kwaltar Dutse. Ban zo in jibga maka laifi duka ba, ranka ya daɗe. Rabi nawa ne, kuma da bakina zan faɗa.

1. Halin da hanyar take ciki. Rabon da gireda ta bi ta kanta tun ina ƙaramin malami, gemuna baƙi ƙirin. Kwalbatin kwari ya rufta. Ramukan sun daɗe har sun sami sunaye: akwai Ramin Liman, inda babur ya kayar da limaminmu ranar Juma'a, akwai Mai Cin Taya. Da su muke yi wa baƙo kwatance. Mota ɗaya ce tak ta rage mai shigo mana, a-kori-kurar Ɗanladi, shi ma don uwarsa 'yar garin ce.

2. Kuskurena. Bara waccan, bayan girbi, kansila ya aiko cewa kwamiti zai zo duba hanyoyin da za a sa a kasafin gyara. Aka taru a ƙofar dagaci. Ni ne mai boko, ni aka ba magana. Na miƙe na gyara hula na ce abin kunya ne manyan baƙi su zo garinmu motarsu ta maƙale, baƙonka annabinka. Kowa ya ce Malam ya yi gaskiya.

Sai aka buga gayya. Kwana uku cur muna ɗebo marmara daga bayan gari, da amalanke da jakai. Makaɗi na kiɗa, mata na dama kunu, tsofaffin da ko gonarsu sun daina zuwa suka fito da fartanya. Muka cike Ramin Liman, muka toshe bakin Mai Cin Taya, muka shimfiɗa azara a kan kwalbatin muka lulluɓe da ƙasa. Da safiyar zuwansu muka yayyafa ruwa, har duwatsun gefe muka shafa wa farar ƙasa.

Kwamitinka ya iso lafiya lau. Injiniyan ma barci ya yi a mota tun daga kwalta, sai a ƙofar dagaci aka tashe shi. Suka ci kajina biyar, suka kora da furar da Hardo ya aiko daga ruga. Injiniya ya goge baki ya ce duk yawon da suka yi bai ga hanya mai daɗin tamu ba. Muka tafa. Wallahi na fi kowa tafi, har tafin hannuna ya yi ja.

3. Abin da ya biyo baya. Da jerin hanyoyin gyara ya fito, babu tamu. An rubuta cewa tana cikin kyakkyawan yanayi. Rabonmu ya tafi Fagen Kanya, maƙwabtanmu, waɗanda ko tsinke ba su ɗauke ba. An ce a gindin bishiya suka zauna suna kallon motar kwamiti ta nutse a yashi, sai da rana ta gasa baƙin sosai sannan suka taso turi. A da ina ce musu marasa tarbiyya. Yanzu tifa ce ke sauke musu tsakuwa, ni kuma na gane su ne suka yi karatun, ni hedimasta kawai na yi.

Bayan mako biyu wasu suka zo suka kafa allon ƙarfe a mahaɗarmu, an rubuta cewa hukuma ta kammala gyaran hanyar Rijiyar Maje, har da sunan ɗan kwangila. Mun bincika kaf cikin waɗanda suka ɗebo marmara, ba mu sami mai wannan suna ba, ko a cikin masu jakai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ruwan farko na daminar bara ya kwashe marmararmu ya kai kwari, ramukan suka dawo har da 'ya'ya. Allon dai yana nan daram, awaki na shan inuwarsa. Shi ne kaɗai aikin gwamnati a hanyar, kuma gaskiya an yi shi da inganci.

4. Inda abin ya bar ni. A gari yanzu ba a ce mini Malam, sai Injiniya. Ko a masallaci na shiga sai wani ya yi gyaran murya. Mai ɗakina Hajara ta ce ita dai ba ta taɓa ganin wanda ya ɓoye cibi ranar wanka ba sai ni. Duk wannan zan iya haɗiyewa. Abin da ya fi ƙarfina shi ne ƙwai. Ina jera shi a kan buhun ƙaiƙayi, in rungume kiret biyu a cinya kamar jariri, amma kafin mu hau kwalta wani ya riga ya kaɗa kansa. Bala mai shayi, babban mai sayena, ya ce shi ƙwai yake saye, in kaɗaɗɗe yake so yana da cokali. Ɗanladi kuma ya rantse da zarar ruwan bana ya sauka ba zai ƙara shigowa ba, ko uwar tasa sai dai ta tako ta same shi a kwalta.

Ranar da motar nan ta daina zuwa, ranar zan sayar da kajin. Duk shekarun da na yi ina shaƙar alli su ne a cikin akurkin nan, ba ni da wani abin bayansu. Abin yana ci mini rai ƙwarai, musamman in na tuna da hannuna na jawo, kuma da kyakkyawar niyya.

Saboda haka ina roƙon abu uku.

Na ɗaya, a sake turo kwamiti kafin a rufe kasafin bana. Na yi alkawari a madadin gari ba za mu taɓa ko fartanya ba. Za mu koyi rashin kunya daga Fagen Kanya, dagaci ya ce zai aika a ɗauko mana malami.

Na biyu, a gaya mana gaskiyar allon nan. In an fitar da kuɗi da sunan aikin, a nuna mana wanda ya karɓa mu gaisa, mun daɗe muna son ganin abokin aikinmu. In ba a fitar ba, to a fitar.

Na uku, in duk wannan ya yi nauyi, a gyara mana kwalbatin kaɗai. Ƙarfi muna da shi, kun gani. Siminti da rodi ne gayya ba ta haifarwa.

Na ba Ɗanladi wannan wasiƙa ya kawo ofishinka tare da kiret ɗaya na ƙwai, talatin cif, na ƙirga a gaban liman. Na hana shi sa ƙaiƙayi, na hana shi rungumewa. Wanda ya iso lafiya kyauta ce, a soya wa yara. Wanda ya fashe kuma a miƙa wa injiniya, shi ne rahoton hanyar da ya yi barci bai rubuta ba.

Allah ya taya ka riƙo, ya haɗa ka da mashawarta masu buɗe ido a mota, ya sa ka gama lafiya. Mu kuma Allah ya jinkirta mana ruwan fari har saƙon nan ya same ka, addu'ar da ban taɓa zaton ɗan manomi zai yi ba.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Malam Sabo, wanda ake kira Injiniya,
Rijiyar Maje.