Binciken da ya kai Lauya kotu

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da fatan kana lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara maka ƙarfin jiki a wannan nisa. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma yi mana faɗa kan barin tagogi a buɗe, ka san alamar warkewa ke nan.

Na jinkirta amsa saƙonka ne don ba na son faɗin abin da ban gani ba. Ka ce an gaya maka ana binciken ɗiyarka Lauya a kotu, don haka ka ba da umarni ta bar jami'a ta tattaro ta same ka. Ni kuwa a hannuna ka bar ta. Sai na nemi izini a wurin aiki na bi ta. Na tarar da ita a kan benci a barandar kotun, da katin makaranta a wuya, tana sauraron wata dattijuwa da ta zo kan rikicin haya. Ashe darasi ne suke yi bana, na hanyoyin bincike a fannin shari'a. Ta ce sanin abin da doka ta tanada bai isa ba, sai an fita an ga yadda take aiki a kan mutane. Ita so take ta gano abin da ke sa masu ƙara daina zuwa kafin a yanke hukunci. Sai mutum ya yarda take tambayarsa, kuma ba ta rubuta sunan kowa. Na sa ta maimaita mini, don kaina ba ya ɗauka da sauri, ba kuma zan ce na fahimci duka ba.

Mai kantin layinmu ne ya gan ta can, ya tambaye ta, ta ce bincike ne ya kawo ta. Kafin maganar ta iso kunnenka, mai binciken ta zama wadda ake bincika.

Ban ɓoye mata saƙonka ba. Ta ce in ka nace za ta taho, amma malaminsu ya koya musu ba a yanke magana da bakin mutum ɗaya. Wataƙila ni ma akwai abin da ya shige mini, Yaya, to kada ka tsaya a bakina. Ka kira ta ka ji da kunnenka. Har yanzu ba ta sauko da akwatinta ba, ni ma ban ce ta sauko da shi ba.

Ka gaida mini maman yara da su Auta. Inna da Goggo suna gaishe ka.

Ƙaninka.